Yaran Dalma Sun Shiga Aji

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen sa ido kan sanƙarau a yammacin Zamfara suka ci karo da abin da ba shi suka fito nema ba. A 'Yargalma ta ƙaramar hukumar Bukkuyum da Dareta ta Anka, ƙananan yara na amai, su shiga jijjiga, su sandare, kafin a ankara an kai su makwanci. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba da na sanƙarau, babu sauƙi. Sai da aka aika jini ƙasar waje aka auna sannan aka gane gubar dalma ce.

Asalin abin zinare ne. Farashinsa ya tashi bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008, manoma suka koma haƙa, dutsen da ake tonowa a yankin kuwa cike yake da dalma. A buhu ake shigo da shi gida, mata su fasa, su daka a turmi, a kai injin niƙa irin na hatsi, a baza a tsakar gida. Ƙurar ta sauka a kan tabarma da kwanon tuwo da ƙasar da jariri ke rarrafe. Hannu a ƙasa, hannu a baki. Jikin ƙaramin yaro yana tsotsar dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke tsotsa.

Da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bi gida-gida a ƙauyuka biyu a tsakiyar shekarar, ta tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a wata goma sha biyu. Kashi 97 cikin ɗari na waɗanda aka ɗebi jininsu sun haura maikirogiram 45 a kowane desilita, ma'aunin da ake fara ba da magani. An ƙiyasta cewa yara aƙalla 400 ne suka rasu a farkon annobar.

Aiki ya rabu biyu, kowanne da masu shi. Na ƙasa: kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith da ma'aikatan jihar suka kankare saman ƙasar gidaje da fatanya da shebur, aka kwashe aka binne, aka shimfiɗa sabuwa. Haka aka yi a Dareta, 'Yargalma, Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke da Duza tsakanin 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira har 2013, sai da matasa irin su Hamzat Lawal suka matsa wa gwamnatin tarayya lamba a kan naira miliyan 850 da ta yi alƙawari. Na jini: maganin DMSA, mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari. Da fari uwa da ɗa sai sun kwanta asibiti kwana 28 a Anka ko Bukkuyum, daga baya aka koma ba da shi a ƙauye. Mace-mace suka ragu ƙwarai.

Akwai aiki na uku da waɗanda ke cikin harkar suka sani tun ranar farko, ko da yake ba shi ake nuna wa manyan baƙi ba. Wani babban gwaji da aka buga a Amurka a 2001 ya riga ya nuna cewa wannan magani yana rage dalma a jini, amma bai ƙara wa yaran da aka gwada fahimta ba. Yana ceton rai, ba ya gyara abin da ya riga ya taɓu a ƙwaƙwalwa. Waɗanda cutar ta yi wa mugun kamu, wasu sun makance, wasu sun kurumce, wasu ba sa iya zama. Su kowa na ganinsu. Mafi yawa kuwa sun tashi garau, suna gudu, suna kiwon awaki. Sai an ɗora musu allo ko an kai su aji ɗaya sannan ake jin maganar da kowane malami a ƙasar Hausa ya saba da ita: “Yaron nan kansa ba ya ja.”

Abin sha'awa, malaman aji na cikin waɗanda suka taimaka wa duniya ta gane wannan. A wani bincike da aka buga a 1979, likita Herbert Needleman ya tattara haƙoran famfara na 'yan firamare a garuruwan Chelsea da Somerville kusa da Boston, ya auna dalmar da ke ciki, sannan ya ba malamansu takardar tambayoyi ba tare da sun san sakamakon ba. Wane yaro ne hankalinsa ke saurin ɗaukewa? Wa ke kasa bin umarni? Wa ke barin aiki bai gama ba? Amsoshin suka tafi daidai da awon: yadda dalma ta ƙaru, haka ƙorafin malami ya ƙaru. Da aka sake bibiyar yaran bayan shekara goma sha ɗaya, masu dalma da yawa sun fi barin makaranta. Yau CDC na ɗaukar 3.5 a matsayin ma'aunin da za a fara damuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce babu adadin da ba ya cutarwa. A Zamfara an ga yara masu sama da 300.

To me malamin Abare zai yi da wannan labari? Abubuwan ba su da tsada, haƙuri suke ci. A zaunar da yaron gaba, kusa da allo, nesa da taga. A ba shi umarni ɗaya, ya gama, sannan a ba shi na biyu, domin “ɗauko littafinka ka buɗe shafi na biyar ka kwafi layin farko” umarni uku ne, kuma na farkon kaɗai zai riƙe. A gutsuttsura darasi, a maimaita gobe da jibi. Kafin a yanke masa hukuncin taurin kai, a tsaya bayansa a kira sunansa a hankali, don dalma na rage ji. A nan makarantar allo ta fi ta boko dabara: kowane almajiri da nasa karatun, ba a wanke masa allo sai ya riƙe, ba wanda ke jan sa don wa'adin zango ya ƙare. Inda take ɓata rawarta da tsalle shi ne bulala. Yaron da ƙwaƙwalwarsa ke wahalar riƙe aya, duka ba ya ƙara masa hadda, tsoron malam yake ƙara masa, daga nan sai ya gudu bakin rami inda ake biyan sa a yini.

Cikin gida ma an koyi darasi. Saboda kulle, mata ma'aikata ne ke iya shiga har ɗaki, kuma da wuri aka gane cewa faɗa ba ya aiki a kan abin da ke ciyar da gida. Lallashi ake yi: “Inna, a wanke masa hannu kafin ya ci abinci. A ce wa maigida ya bar kayan aiki can, ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro.” Aka ƙara da maganar abinci, don cikin da babu komai da jikin da ke fama da ƙarancin jini sun fi tsotsar dalma: zogale, wake, nono, hanta in ta samu. Har kwalli ya shigo zancen, tunda wani irinsa daga dutsen dalma ake niƙa shi. A 2012 CDC ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya a Boston da ya kamu ta kwallin da ake sa masa, wanda aka tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa dalma ne.

Wanke hannu yana tare sabuwar guba. Abin da ke gina ƙwaƙwalwa kuwa hira ce da wasa, kuma shi ya fi wuyar shiga kunnen iyaye, don ana ganin surutu da jariri aikin kaka ne. Hujjar daga Jamaika ta fito. A 1986 Sally Grantham-McGregor ta fara tura ma'aikatan lafiya gidajen yaran da rashin abinci ya tsumburar a Kingston, mako-mako har shekara biyu, suna koya wa uwa yin wasa da magana da ɗanta da kayan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin, waɗannan yaran na samun kuɗin shiga da ya fi na takwarorinsu da kashi 25 cikin ɗari. Ba yaran dalma ba ne, amma hanyar ɗaya ce, kuma gidan Bahaushe na da kayan aikinta: tatsuniya, kacici-kacici, ƙirga da tsakuwa, aiken yaro ya kawo abu biyu ya faɗi sunansu.

Taimako daga waje ya zo wa makarantu, amma ba don dalma ba. Shirin UNICEF na ilimin 'ya'ya mata, zango na uku, ya yi aiki a Zamfara daga 2012 zuwa 2022, ya ƙarfafa kwamitocin kula da makarantu da ƙungiyoyin iyaye mata. Ƙarƙashinsa shirin RANA ya horar da malamai a Zamfara da Katsina kan koyar da karatu da lissafi da Hausa a ƙananan azuzuwa. Ga yaro mai raunin riƙewa, fara karatu da harshen da ake masa magana a gida babban sauƙi ne. Horon koyar da masu buƙata ta musamman kuwa ya fi ƙarfi a wurare irin kwalejin tarayya ta Oyo da Jami'ar Bayero, kuma da wuya wanda ya fito can ya nemi a tura shi Sunke.

Sai 'yan bindiga suka rufe hanya. Daidai lokacin da yaran 2010 ya kamata su kammala firamare, ƙauyuka suka watse, iyalai suka cika sansanin gudun hijira a Anka, wasu suka nufi Gummi. A 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar, a 2021 aka sace 'yan matan makarantar Jangebe, aka rufe makarantu. A farkon 2022 MSF ta miƙa aikin dalma ga gwamnatin Zamfara, bayan ta auna yara 8,480, ta yi wa 3,549 magani. A watan Disamba na 2024 aka ɗage haramcin haƙar. Waɗanda suka sha DMSA suna goye yanzu sun kai aure, kuma 'ya'yansu ne za a kawo wa malaman Anka da Bukkuyum nan da 'yan shekaru.