Suna Ɗaya, Mai Iri-Iri: Matsalar Binciken Man Ƙamshi na Ɗaɗɗoya da Danginta

A shekarar 1973 masana biyu a Faransa, Granger da Passet, suka wallafa binciken da suka yi kan tayim, wannan ɗan tsiro da matanmu ke barbaɗawa a miya tare da kori, wanda a can yake fitowa da kansa a duwatsun kudancin ƙasar. Sun tarar cewa tsiron da masana suka ba suna ɗaya, Thymus vulgaris, ya kasu gida shida ta fuskar man da ke cikin ganyensa. A wani, sinadarin taimol ne ya rinjaya; a wani kabakurol; a wasu kuma linalul ko jeraniyol, da sauransu. Ido ba ya rarrabe su, kuma gado ne ke tantance wanda kowane tushe zai fitar. Ra'ayina shi ne, duk binciken man ƙamshi da bai ɗauki wannan da muhimmanci ba, bai kai a gina magani a kansa ba, kuma kaso mai yawa na abin da ake rubutawa kan tsirranmu yana da wannan rauni.

Man ƙamshi ba irin man gyaɗa ba ne. Ɗiga shi a takarda, an jima zai bi iska. Tsirrai dangin ɗaɗɗoya da na'a-na'a suna tara shi a cikin wasu ƙananan gashi masu kai kamar ƙullutu a bayan ganye, shi ya sa sai an murza ƙamshin ke tashi sosai. Ana fitar da shi ta hanyar turara ganyen, tururin ya kwaso man, a sanyaya, man ya taso saman ruwa. Na'urar gilashi da Clevenger ya bayyana a 1928 ita ce har yau ake amfani da ita a ɗakunan gwaje-gwaje. Abin da ke fitowa cakuɗa ce ta sinadarai da kan kai gommai, amma biyu ko uku ne ke cin mafi yawan kaso.

Waɗannan biyu ko ukun su ne maganin. Taimol da kabakurol 'yan uwan juna ne na jini: kowanne yana da kabon 10, haidurojin 14 da oksijin 1, wurin zaman oksijin ɗin a jikin zoben kabon ɗinsu kawai ya bambanta. Dukansu suna kutsawa cikin fatar kitse da ta lulluɓe ƙwayar bakteriya, su sa ta yoyo har ta mutu. Saboda haka taimol yake cikin ruwan kurkure baki na Listerine, kamar yadda yujinol na kanumfari ya daɗe a hannun likitocin haƙori. Linalul ba shi da wannan zoben, kuma ƙarfinsa a kan bakteriya bai kai nasu ba. Kwalabe biyu masu ɗauke da sunan tayim na iya zama magunguna biyu daban.

Mu dawo kan ɗaɗɗoya, Ocimum gratissimum, wadda ke tsirowa a bayan gida da bakin daji, ake sha don ciwon ciki da zawo, ake kuma turarawa don korar sauro. An tabbatar da aƙalla nau'o'inta uku: mai yujinol, mai taimol, da mai jeraniyol. Samfuran da aka auna daga Benin da Kamaru sun fi karkata ga taimol, na Kenya kuwa ga yujinol. Ko a tushe ɗaya ma abin ba ya tsayawa wuri guda: wani bincike da aka wallafa daga Barazil a 1999 ya nuna adadin yujinol yana hawa da sauka sosai gwargwadon sa'ar da aka tsinki ganyen. To idan ɗalibi ya sayo ganye a kasuwa, bai san inda aka yanko shi ba, bai san lokacin ba, ya tatsi mai, ya ɗiga a farantin bakteriya, ya rubuta cewa "man ɗaɗɗoya yana kashe ƙwayar cuta kaza", wa zai iya maimaita aikinsa? Wanda ya gwada da ganyen wani gari ya sami saɓani, ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu; abubuwa biyu suka auna.

Bambancin ba na banza ba ne, yana bin ƙasa da yanayi. John Thompson da abokan aikinsa sun koma wuraren da aka taɓa auna tayim a shekarun 1970 a kusa da Montpellier a kudancin Faransa. Nau'in taimol da kabakurol ba sa jure tsananin sanyi, don haka a da ba a cika samun su a ƙasan kwari inda sanyi ke taruwa ba. Sakamakon da suka fitar a 2013 ya nuna sun fara shiga wuraren, bayan da hunturu ya yi sauƙi. Mu da damina ke sauya mana hali, ya kamata wannan ya dame mu.

Za a iya cewa masu maganin gargajiya sun yi ɗaruruwan shekaru suna aiki ba tare da na'ura ba. Gaskiya ne, kuma gwanayensu ba sa yankan ganye ko'ina: suna da wurin da suke zuwa, da lokacin da suke fita, suna murzawa su sansana. Wannan zaɓen nau'i ne da hanci, kuma abin takaici ne yadda mai bincike ke tambayar sunan tsiro ya manta da tambayar inda ake samo mai kyau. Sai dai su ganye suke jiƙawa ko dafawa. Man da aka tata wani abu ne daban. Sau da yawa ba ya wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyin ganye, wato ƙaramin cokali ɗaya na iya ɗauke da abin da ke cikin kusan rabin kilo na ganye. A wannan ƙarfi, kafur da man turare na yukaliftos sun sha jefa yara ƙanana cikin jijjiga, tujon da ke cikin wasu dangin tazargade yana tsokanar ƙwaƙwalwa, fulegon kuma yana lalata hanta. Ɗiga irin wannan mai a bakin jariri ganganci ne.

Tazargade ta nuna wani kuskuren. Atimisinin, maganin zazzaɓin cizon sauro da Tu Youyou ta samo daga Artemisia annua, ɗaya daga dangin tazargade, har ta sami kyautar Nobel a 2015, ba ya biyo tururi. Ta same shi ne da ta rage zafi ta yi amfani da sinadarin da ake kira ether. Mai sayen man ƙamshin wannan tsiro don zazzaɓin cizon sauro ya sayi ƙamshin, maganin bai shiga kwalbar ba.

Ba ina cewa babu amfani ba. Man na'a-na'a da aka zuba a kafso mai ƙin narkewa sai ya isa hanji an gwada shi a kan mutane, ya kuma rage murɗar ciki ga masu larurar hanji mai saurin motsuwa. Ya kai nan ne saboda an san yawan mantol ɗinsa, an san adadin da ake sha. A namu ɓangaren, abin da na ga ya fi kusa da hannu shi ne nobe, ciyawar Sahel mai ƙamshi, wadda manta yake cike da fiferiton, kuma gwaje-gwaje a Togo suka nuna yana kashe ƙwaron wake. Rumbu ba ya buƙatar dogon gwajin da cikin ɗan Adam ke buƙata.

Aikin da ke gaban sassan harhaɗa magunguna na Zariya da Kano da Yamai, da cibiyar NIPRD a Abuja, shi ne su bi kowane tsiro gari-gari: a rubuta wurin da aka yanka da wata da sa'a, a ajiye busasshen samfur da iri, a auna kowane mai da na'urar rarrabe sinadarai kafin a kai shi kan bakteriya. Tun 1916 masanin tsirrai Dalziel ya tattara mana sunayen tsirrai da Hausa. Taswirar abin da ke cikin ganyensu ce ta rage, ga shi kuma noma da kiwo suna cin dajin da za a zana ta.