Yarjejeniyar Lome: Rake ya ci riba, gyaɗa ta kwana a baya

Ranar 28 ga Fabrairun 1975, a birnin Lome na ƙasar Togo, wakilan ƙasashe tara na Kasuwar Tarayyar Turai suka zauna da takwarorinsu na ƙasashe 46 daga Afirka da yankin Karibiyan da tsibiran Pasifik, suka sa hannu kan wata yarjejeniya. An yi murna ƙwarai, kuma ba a banza ba. Kafin nan, yarjejeniyar Yawunde ta 1963 ta tsaya ne kan ƙasashe 18, galibinsu rainon Faransa. Da Birtaniya ta shiga kasuwar Turai a 1973, sai ƙasashen da ta raina suka ƙi yarda a yi ciniki da su ɗai-ɗai. Suka haɗa kai da sauran, suka yi magana da baki guda, a daidai lokacin da tsadar man fetur ta sa Turai fargabar rasa ɗanyen kaya.

Abin da suka samo ba ƙarami ba ne. Yawancin kayansu za su shiga Turai ba harajin kwastan, su kuma ba a tilasta musu buɗe wa Turai tasu ƙofar ba. Aka kuma kafa wani asusu mai suna STABEX: idan kuɗin da ƙasa ke samu daga gyaɗa ko koko ko gahawa ko auduga ya faɗi, sai a cike mata giɓin.

A takarda, manomin gyaɗa ya samu uwa. A gona kuwa, damunar 1975 ɗin ce wata cuta mai nannaɗe ganye ta afka wa gyaɗa a arewacin Najeriya da kudancin Nijar, bayan fari ya riga ya karya mutane. Manomi ya je gona ya tarar da shuka ta tsugune, ganye ya ɗashe, ya tuge tushe ya karkaɗe ƙasa, ba ƙwaya. Dalar gyaɗar Kano da ake ɗauka a hoto ba ta sake tashi ba. A lokacin, kuɗin STABEX baitulmalin gwamnati yake shiga, ba aljihun manomi ba, kuma sau da yawa sai an daɗe kafin ya iso. Senegal ta karɓi kuɗi masu yawa saboda gyaɗa, amma ta ci gaba da zaman jiran farashin da ake yankawa a wata nahiya. Wannan ne ya fi ci mini rai a duk labarin: asusun ya biya diyyar dogaro da ɗanyen kaya, bai raba kowa da dogaron ba.

Sai a dubi Moris, ƙaramin tsibiri a tekun Indiya wanda a lokacin ba shi da komai sai rake. Yarjejeniyar ta ba shi kaso mafi girma na sukarin da Turai ta yi alkawarin saye, kusan tan dubu 500 a shekara, a farashin da yawanci ya ɗara na kasuwar duniya nesa ba kusa ba. Tun 1970 gwamnatin tsibirin ta yi dokar sassauta haraji ga masana'antu masu fitar da kaya waje. Masu gonakin rake suka zuba ribarsu a masaƙu da ɗakunan ɗinki, 'yan kasuwar Hong Kong suka shigo da jari da injuna don su ci moriyar ƙofar Turai. 'Yan mata da iyayensu suka ƙare rayuwa a yankan rake suka zauna gaban keken ɗinki, suna fitar da rigunan sanyi da ake sayarwa a kantunan Faransa da Ingila. Kafin ƙarshen shekarun 1980, tufafi sun zarce sukari wajen kawo wa ƙasar kuɗin waje. Botswana ma ta ci ribar naman shanu.

Sauran fa? Yarjejeniyar ta zo da ƙa'idar asalin kaya mai tsauri: riga ba ta shiga kyauta idan an ɗinka ta da yadin da aka sayo daga wata ƙasa ta waje. Ƙasar da ba ta da masaƙa, ba wuta, ba hanyar kai kaya tashar ruwa, an buɗe mata ƙofa ne alhali ƙafarta a ɗaure. An sabunta yarjejeniyar a 1979 da 1984 da 1989, amma kason waɗannan ƙasashe a kasuwar Turai ya sauko daga kusan kashi 7 cikin ɗari a 1976 zuwa kashi 3 a ƙarshen shekarun 1990.

Daga nan rikici ya taso kan fifikon da Turai ke ba ayabar waɗannan ƙasashe. Amurka da wasu ƙasashen Latin Amurka suka kai ƙara gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda a 1997 ta yanke cewa tsarin ayaba na Turai ya saɓa ƙa'ida. A watan Yunin 2000 aka sa hannu kan sabuwar yarjejeniya a Kwatano, mai neman kowa ya buɗe kasuwarsa. Tsarin sukari ya ƙare a 2009, masu rake a Moris suka ji jiki, aka rufe injunan niƙa da dama. Amma a lokacin tsibirin ya riga ya samu otal-otal da bankuna da masaƙu da zai jingina da su.