Daga Baitulmali zuwa Asusun Haɗin Gwiwa: Kuɗin Aiki a Ƙasar Kankiya da Kusada

A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko aka kafa Baitulmali a Katsina, da shawarar Razdan Palmer, shi ne kuwa na fari a ƙasar Arewa. Hakimai su tara haraji da jangali su kai birni, Gwamnati ta ɗauki rabonta, saura ya zauna hannun En'e. Daga nan ake biyan albashi, abin da ya ragu a haƙa rijiya, a gyara hanya, a gina ɗakin shan magani. Saboda haka in mutanen Kankiya ko Kusada suna bukatar aiki, sai dagaci ya gaya wa hakimi, hakimi ya kai maganar gaban Sarki. Hanyar tana da tsawo, amma talaka ya san aljihun da kuɗin ya fito, gama nasa ne.

Gyaran 1976 ya rushe En'e, ya kawo ƙananan hukumomi masu samun rabo daga asusun Tarayya. A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta har 1987. Talaka ya huta, amma kuɗin aiki ya koma zuwa daga sama.

Sa'an nan Tsarin Mulkin 1999 ya sa rabon ƙananan hukumomi ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, wato mai neman kwalbati ko ajin makaranta sai ya dubi fadar Gwamna. A watan Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye.