Facin Tsohuwar Manhaja: Wa Zai Yi, Kuma Har Yaushe?

Wanda ya taɓa shiga shagon buga takardu a Tudun Wada ko Kwanar Ɗangora ya san irin kwamfutocin da ke wurin: 'yan kwatano ne, da yawansu kuma har yau Windows 7 suke ɗauke da ita, wadda Microsoft ta daina yi wa gyara tun 14 ga Janairun 2020. Mai shagon yana da hujjarsa. Na'urar tana aiki, ta saba da firintarsa, sabuwar manhaja kuwa ta fi ƙarfinta.

Masu kula da Linux sun daɗe da fuskantar wannan matsala. A 2005 Greg Kroah-Hartman da Chris Wright suka buɗe wani reshe na musamman domin waɗanda ba sa son sabon abu, gyara kawai suke so. Ƙa'idar tana da tsauri: dole facin ya magance wata matsala ta zahiri, kada ya wuce layi 100, kuma sai an shigar da shi sabuwar manhajar tukuna a mayar da shi tsohuwa. Dalilin a fili yake. Tsohuwar riga ba ta jure babban faci. Garin ɗinke wuri ɗaya sai wani ya yage.

Microsoft kuwa wa'adi take yankawa. Na Windows XP ya cika a Afrilun 2014. A Maris na 2017 kamfanin ya toshe wata ɓaraka mai haɗari, amma masu XP na gida ba su samu facin ba. Ranar 12 ga Mayu ƙwayar WannaCry ta bi ta wannan kafa ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka soke ganin dubban marasa lafiya. Ba shiri kamfanin ya janye maganarsa, ya fitar wa XP faci kyauta.

Abin da aka fi mantawa, a ganina kuma shi ya fi shafarmu, shi ne mafi yawan na'urorin da suka kamu Windows 7 gare su. Facinsu ya fito wata biyu kafin nan, ba a dai ɗora shi ba. A Doguwa ko Bebeji, inda data ke da tsada, wuta kuma sai an tayar da janareta, kashe sabuntawa na cikin abin da mai gyara ke fara yi idan aka kawo masa kwamfuta. Wa'adin Windows 10 ma ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025.