Surame: Birnin Kanta da Daji Ya Cinye

 Yau ba nisa za mu yi ba. Ina so in tambayi 'yan uwana na Kuberi, Jega, Aliero da Maiyama: kullum muna cewa mu 'yan Jihar Kebbi ne, to ina Kabi ɗin ta fara ƙarfi?

Amsar tana Surame, wani kufai a ƙaramar hukumar Binji ta Jihar Sakkwato. Yau in ka je, itatuwa za ka tarar, da ƙananan ƙauyuka a kewaye, sai ragowar ganuwar dutse. Amma a ƙarni na 16 nan ne fadar Muhammadu Kanta.

Kanta ya bi Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas. Da aka dawo, rabon ganima ya haɗa su faɗa, sai ya ɓalle wajen shekarar 1516. To wanda ya yi wa Askiya tawaye ai ba ya kwana a gidan zana. Shi ya sa ya gina Surame, ganuwa bayan ganuwa, kuma da duwatsu, alhali biranen Hausa irin su Kano da ƙasa suka yi tasu. Songhai ta kasa mayar da shi ƙarƙashinta. Rundunar Barno ma ta zo har bakin birnin, ta koma ba ta ci shi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo labarin Kanta a littafinsa Infaƙul Maisuri.

Abin lura, ganuwa tana tare doki, amma ba ta riƙe mutane. Wajen farkon ƙarni na 18 sarauta ta tashi zuwa Birnin Kebbi, wanda Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci a 1805, daga baya Kabawa suka kafa gadonsu a Argungu. Surame kuwa aka bar wa daji.

An sa wurin cikin kayan tarihin Najeriya a 1964, kuma tun 2007 yana jerin wuraren da ke jiran tantancewar UNESCO. Sai dai takarda ba ta hana damina aikinta. Duk dutsen da ya zube, ba wani Kanta da zai dawo ya ɗora shi.

Don haka, ɗalibai, in za ku shirya ziyarar makaranta, ku sa Surame a lissafi. Ku tambayi tsofaffin ƙauyukan wurin abin da suka ji daga kakanninsu, ku naɗa a waya tun suna raye.

Wa ya taɓa zuwa cikinku? Ku faɗa mana a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.