Kaduna: Kogi a Gefe, Guga a Hannu

Tun kafin ladanin Masallacin Sultan Bello ya yi kiran assalatu, akwai wata ƙara da kan riga shi shiga kunnen mutanen Unguwar Sarki, musamman idan bazara ta kankama: ƙarar kurar 'yan garuwa, jarkoki na gwaruwa da juna, ana gaggawar kama layi a bakin rijiyar burtsatse kafin rana ta ɗaga. Baƙon da ya kwana a unguwar zai yi mamaki, domin tafiya kaɗan ce tsakaninsa da ɗaya daga cikin manyan kogunan Arewa, kogin da garin ya ci sunansa.

Ruwa na cikin dalilan da suka sa aka kafa Kaduna tun farko. Zungeru, hedikwatar Turawa ta Arewa a farkon ƙarni na 20, ita ma a bakin wannan kogi take, can ƙasa, amma zafi da sauro sun gallabi mazaunanta. Bayan layin dogo ya ratso ta nan a 1911, sai idon Gwamna Lugga ya faɗa kan wannan fili na ƙasar Gbagyi: tudu ne mai kimanin mita 600 sama da teku, iskarsa da dama, yana tsakiyar lardunan Arewa, ga kuma kogin da ba ya ƙafewa. Sojoji suka fara tarewa, gwamnati ta biyo baya a 1917. Sunan kuwa, yawancin masu tarihi sun ce daga kadduna ne, jam'in kada. Har wata 'yar gadar ƙarfe da aka gina a Zungeru a 1904 sai da aka kwance aka kawo ta. Tana nan a lambun Gamji da ke bakin kogin.

Kogin kansa daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya faɗa Kwara. A hanyarsa ya raba birnin biyu, kuma rabon ya zama na aiki. Kudu ta ɗauki masana'antu: masaƙar Kakuri ta farko a 1957, kamfanin motocin Fijo a 1975, matatar mai a 1980. Arewa ta ɗauki mulki. A nan aka yi zauren Lugard Hall inda sarakuna da wakilan jama'a ke zama, a nan sarakunan suka yi masaukai, a nan kuma Sardauna Ahmadu Bello ya zauna a gidansa na titin Rabah har daren 15 ga Janairu, 1966, da aka kashe shi, gidan da ya zama Arewa House a 1970. Unguwar Sarki a tsakiyar wannan ɓangare take. Masallacinta na Sultan Bello, wanda aka gina a 1962, shi ne inda Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya yi shekaru yana tafsirin azumi, rediyo na kai muryarsa har ƙasashe maƙwabta. Unguwa ce mai fuska biyu: manyan gidaje masu itatuwa a ɓangaren ma'aikata na da, da lunguna masu cunkoso inda katangar wani ita ce bangon ɗakin wani.

Wanda ke son sanin yadda ƙasar Kaduna take kafin siminti ya rufe ta, ya saurari sunayen unguwanni. Rafin Guza. Kurmin Mashi. Kurmin Gwari. Hayin Banki, wato tsallaken rafi. Tudun Wada da Tudun Nufawa, waɗanda ba za a kira su tudu ba sai don akwai kwari a gefensu. Gari ne na ƙananan rafuka da fadamu da kurmi, kowane na tattara ruwan damina yana miƙa wa kogi a hankali. Kan waɗannan aka ƙara kududdufai, ramukan da aka bari bayan an haƙi ƙasar tubali ko marmarar yin hanya, waɗanda kan cika da damina su riƙe ruwa har cikin hunturu. Yara su yi kamun tarwaɗa, magina su ɗebi na kwaɓa ƙasa, masu lambu su ja zuwa ga alayyafo da latas.

Babban aikin kududdufi da fadama ido ba ya ganin sa. Ƙarƙashin Kaduna dutse ne, tsohon dutse mai tauri wanda ba ya shan ruwa. Ba kamar ƙasar Sakkwato ko Barno ba, inda akwai shimfiɗar yashi mai kauri a can ƙasa da ke ajiye ruwa kamar randa. A nan ruwan ƙasa wuri biyu kawai yake samun zama: cikin ruɓaɓɓiyar ƙasa da tsakuwar da ke saman dutsen, da kuma cikin tsagogin dutsen. Shi ya sa za a ga mutum ya haƙa burtsatse ya sami ruwa kamar an fasa tulu, maƙwabcinsa ya kashe ninkin kuɗin ya tashi da ƙura. Ɗaya ya dace da tsaga, ɗaya bai dace ba. Wannan 'yar ma'ajiya kuwa ba ta da mai cika ta sai ruwan sama, kimanin milimita 1,200 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba. Idan ya sami inda zai tsaya ya nutse, rijiyoyi su kai bazara da ruwa. Idan ya faɗo kan kwano, ya gangaro kan intalok, ya bi lambatu, to cikin sa'a guda ya isa kogi, ya kama hanyar madatsar Shiroro.

Gwamnatoci sun yi nasu ƙoƙarin. An gina matatar ruwa a Malali, maƙwabciyar Unguwar Sarki, an kuma yi madatsar Kangimi a shekarun 1970 domin a riƙa sako wa kogin ruwa idan ya ja baya da rani. Dattawan unguwar suna tuna lokacin da buɗe famfo da zubowar ruwa abu ɗaya ne. Sai dai garin ya fi bututunsa saurin girma. Ƙidayar 1963 ta ba Kaduna mutum kusan 150,000; zuwa 2006 ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa kaɗai ta haura 350,000. Bututu suka tsufa, wutar da za ta tura ruwa ta zama sai an dace, kowa ya koma ga abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa.

A nan ne jama'a suka shigo, ba tare da wani allo ko sunan ƙungiya ba.

A dubi yasar rijiya. Lokacinta ƙarshen rani ne, sa'ad da guga ya fara dawowa da laka. A gidan haya mai ɗakuna da yawa, kowane ɗaki zai kawo nasa karo-karon, a kira mai yasa. Zai tuɓe ya rage gajeren wando, ya yi bisimilla, ya riƙa sa ƙafa a 'yan matakan da aka sassaƙa a jikin rijiyar har ya ɓace cikin duhu, muryarsa ta koma kamar daga cikin tulu. Abokin aikinsa na sama yana jan bokiti bayan bokiti: baƙar laka, tsoffin gugunan roba da igiyarsu ta tsinke, silifas ɗin yara, cokula, ledar fiyawota. Matan gida na tsaye daga nesa, kowace na gane abin da ya ɓace mata bara. Idan ya kai ga tsakuwa, sai ya ɗan ƙara zurfi, ya tsaya yana kallon inda ruwa ke tsattsafowa daga gefe. Washegari a tarar ruwan ya kwanta garau. Wanda ya san abin da yake yi zai ɗaga bakin rijiyar da bulo, ya yi mata murfi, ya daɓe kewayenta yadda ruwan wanki ba zai koma ciki ba, ya kuma ware guga ɗaya da ba a ajiye shi a ƙasa.

Abin da ya fi yasa wuya shi ne maganar masai. Ma'aikatan lafiya kan ce a bar tazarar kimanin mita 30 tsakanin rijiya da shadda ko sokawe. To, fulotin da aka saba yankawa a garuruwanmu ƙafa 50 ne da ƙafa 100, wato tsawonsa gaba ɗaya mita 30 da 'yan kai, kuma gado da tsadar fili sun sa da yawa an raba su biyu. Lissafin a bayyane yake: babu gidan da zai iya kare rijiyarsa shi kaɗai. Mutum zai iya kai shaddarsa ƙarshen gida, nesa da tasa rijiyar, ya je ya jingina ta da rijiyar maƙwabci, katanga kawai ta raba. Ruwan ƙasa kuwa bai san katanga ba. Don haka ake yawan ganin dattawa biyu tsaye a kan ramin da aka fara haƙawa, ɗaya na cewa, Alhaji, don Allah a ɗan matsa da shi can, rijiyata na bayan nan. Ɗayan na cewa, Malam, ai filin ne ya ƙare. Idan abin ya gagara, a tafi gaban mai unguwa ko liman. A zamanin En'e wannan aikin duba-gari ne, mai shiga gida-gida yana leƙa randa da masai, kuma ana shakkarsa. Yau mafi yawan abin ya rataya a kan kunya da haƙƙin maƙwabtaka, kuma abin a yaba ne yadda waɗannan biyun ke riƙe da lafiyar dubban yara a lungunan da jami'i bai taɓa takawa ba.

Masallatai ma sun zama matattarar ruwa. Alwala na bukatarsa sau biyar a rana, kuma shayar da ruwa sadaka ce mai gudana, don haka mai hali kan haƙa burtsatse ya fito da famfuna waje ta jikin katanga, kwamitin masallaci ya riƙa tara na man janareta da na gyaran injin. A 'yan shekarun nan sola ta sauƙaƙa wannan nauyi. Sai dai alherin na da nasa ƙalubalen, domin burtsatse goma a layi ɗaya duk daga ma'ajiya guda suke zuƙa, kuma wanda ya fi zurfi kan shanye rijiyar talakan da ke gefensa.

Sai aikin gayya na gabanin damina. Matasa su fito da shebur da manjagara da baro, a bi lambatu ana kwashe yashi da leda, a buɗe bakin kwalbatin da ya toshe, mai shayi ya ba da ruwan zafi, wani attajiri ya biya motar kwasar shara. Inda aka gaza samun motar, tarin ya kwana a bakin hanya, ruwan farko ya mayar da shi inda aka ciro shi. Mutanen Kaduna sun san farashin sakaci. A watan Satumba na 2003 kogin ya yi ambaliyar da har yau ake ba da labarinta, ya sake yi a 2012, kuma unguwannin bakin ruwa irin su Kigo Road da Rafin Guza da Kabala kusan kowace damina suna kwana da ido ɗaya. Yawan ruwan da ke gangarowa daga sama ne babban dalili, amma gine-ginen da suka cinye fadama sun hana shi wurin da zai baje.

Kano ta riga Kaduna shiga wannan hali. Kududdufan cikin birni, waɗanda aka haƙa garin gina gidaje da ganuwa, sun yi ƙarnoni suna karɓar ruwan damina; Bature matafiyi Barth da ya zo a 1851 ya tarar da Jakara babban tafki ne a tsakiyar gari. Da aka bi su da shara aka cike, aka yanka filaye, sai ruwan ya koma kwana a tsakar gidaje. A can bakin teku kuma, birnin Chennai na Indiya ya ga ƙarshen wannan hanya: ya cike tafkunansa, ambaliya ta cinye shi a 2015, sannan a 2019 manyan madatsunsa huɗu suka ƙafe har aka riƙa kawo ruwa a jirgin ƙasa, ga gishirin teku na kutsawa cikin rijiyoyin da aka zuƙe. Tun 2003 jiharsu ta wajabta wa gidaje tara ruwan sama, ƙungiyoyin sa-kai kuma suka duƙufa yashe tsoffin tafkuna. Kaduna ba ta da teku da zai sa wa rijiyoyinta gishiri. Nata abokan gabar su ne sokawe, da juji, da baƙin man gareji, da kuma siminti.

Gaskiya ne kududdufin da aka mayar juji ba abin so ba ne. Yana wari, yana haifar da sauro, yaro na iya faɗawa. Wanda ke zaune a bakinsa yana da hujja idan ya ce a cike. Amma tsakanin barin sa juji da mayar da shi shaguna akwai hanya ta uku, wadda ba ta fi ƙarfin unguwa ba: a yashe, a kewaye, a hana zuba shara, a dasa itatuwa a gefe. Abin da unguwa ba za ta iya ba shi ne hana a ba da takardar fili a kan hanyar ruwa. Wannan na hukumar filaye ne da hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA.

A cikin gida kuwa, akwai abin da wasu magidanta suka fara yi wanda ya cancanci a kwaikwaya. Maimakon a shafe tsakar gida kaf da siminti, sai a bar gefe guda ƙasa, a zuba tsakuwa, a dasa mangwaro ko zogale. A sa indararo a bakin kwano, ruwan farko da ya wanke ƙura a bar shi ya wuce, na bayansa a cika tanki da duro, ragowar a karkata shi zuwa wani rami mai tsakuwa nesa da masai. Rufin da ya kai murabba'in mita 100 yana karɓar lita kusan 120,000 a damina ɗaya ta Kaduna, wato jarka mai lita 25 har 4,800. Ɗan garuwa mai tura jarka goma sha biyu a kura sai ya yi sawu 400 kafin ya kawo wannan adadin ƙofar gida.