Spider-Man da 'yan sandan New York: zare

1/ Masu buga gem, ku matso. Duk wanda ya buga Marvel's Spider-Man na 2018 zai tuna ɗaya daga cikin ayyukan farko da ake ba ka: ka hau benaye kana gyara wa 'yan sanda na'urorin sa ido. Ya aka yi mai rufe fuska, mai ɗaukar doka a hannu, ya koma ɗan aiken hukuma? Abin yana da tarihi.

2/ A 1954 majalisar dattawan Amurka ta yi zama kan zargin cewa littattafan zane na lalata tarbiyyar yara. Don gudun hukunci, kamfanonin suka kafa wa kansu ƙa'ida, Comics Code. A ciki har da sharaɗin kada a nuna ɗan sanda ko alƙali ta yadda za a raina hukuma.

3/ Marvel ta fita daga tsarin a 2001, ya mutu gaba ɗaya a 2011. Amma an riga an saba. Jarumi ya daki ɓarawo, ya ɗaure shi, ɗan sanda ya zo ya kwashe. Ba a tambayar wa aka kama, ko da wane dalili.

4/ To ga New York ta gaskiya. A 2011 kaɗai 'yan sanda sun tare mutane a titi sama da sau 685,000 suna bincike. Mafi yawansu baƙaƙe ne da 'yan asalin Latin Amurka, kuma kusan tara cikin goma ba a same su da komai ba. A 2013 alƙaliya Shira Scheindlin ta ce yadda ake yin abin ya saɓa wa tsarin mulki.

5/ Shekara 5 bayan hukuncin, kamfanin Insomniac ya fito da gem ɗin da Peter Parker ke tsokanar Kyaftin Yuri Watanabe yana kiran kansa Spider-Cop. Wanda na'urar 'yan sanda ta nuna maka, shi ne mai laifi, shike nan. Masu sharhi sun caccaki wannan tun a lokacin.

6/ Sai 25 ga Mayu 2020, ɗan sanda ya kashe George Floyd a Minneapolis. A Nuwamba Miles Morales ya fito: yaro baƙi, uwarsa 'yar Puerto Rico, a unguwar Harlem. An sa zanen Black Lives Matter a bango, 'yan sanda kuma aka ja da su gefe. Abokan gaba suka zama dakarun kamfanin Roxxon.

7/ Gyara ne, amma fa na kauce wa magana. Mahaifin Miles, Jefferson Davis, ɗan sanda ne baƙi da ya mutu a bakin aiki a gem na 2018. Ga labari a hannu: yaron da ya gaji son kaki, alhali masu kakin suna tare sa'o'insa a titi. Ba su taɓa wannan ba.

8/ In ka sake ɗaukar gem ɗin, ka lura da waɗanda kake duka, da wanda ya ce maka su ne masu laifi. Ƙarshen zare.